Hatimin Silifas da Hannun Mama

Shekarun baya, lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na shiga ƙungiyar zane da ake yi a makarantarmu ranar Laraba bayan an tashi. Ba iya zane ne ya kai ni ba. Na duba duk ƙungiyoyin ne na ga ita kaɗai ce ba a cewa mutum ya miƙe ya yi magana. A ta muhawara sai an tsaya gaban jama'a, ta wasan kwaikwayo ma haka. A nan kuwa kowa kansa a sunkuye yake, ni kuma dama haka Allah ya yi ni.

Makarantar tana wajen Mokola a Ibadan, da ƙafa muke zuwa daga unguwarmu Sabo. Malamar zanen Bayarbiya ce, doguwa, ba a raba gefen farcenta da busasshen fenti. Anti muke ce mata. Tana magana da Turanci, in ranta ya yi daɗi ko ya ɓaci sai ta juye Yarbanci.

Wata Laraba ta shigo da ɗan akwati cike da ƙananan hatimai na roba masu mariƙin katako, irin na ofis, sai dai maimakon rubutu fure ne a jiki, da tauraro, da igiyar ruwa. Ta shimfiɗa farar takardar kwali ta ce mu matso. Ta fara da launi marar ƙarfi, tana dangwala hatimi a soso mai fenti tana bugawa. In ta buga sau ɗaya ba ta komawa soso, sai ta sake bugawa a gefe, na biyun ya fito dishi-dishi kamar inuwar na farko. Wani ta buga shi a bakin takarda, rabi a ciki rabi a kan tebur. Ta yagi tsohuwar jarida ta liƙa nan da can, ta shafa farin fenti tsararo a kai, ta kuma bi da launi mai duhu. Ni dai ina tsaye a baya ina leƙe ta saman kafaɗar ƙawata, ban taɓa ganin takarda mai kyau irin wannan ba.

Na ɗauka an gama. Sai kawai ta ɗauki babban buroshi ta zana fuskar wata tsohuwa a tsakiya, daidai inda ya fi ko'ina kyau. Duk furannin nan suka shige ƙarƙashin kumatun tsohuwar.

Ta ce, "Duk abin da kuka ga na yi da farko shimfiɗa ce. Tabarma ce. Wannan fuskar ita ce baƙon da aka shimfiɗa dominsa."

Nan ruɗewata ta fara. In dai rufewa za a yi, wahalar ta mece ce? Na so in tambaya, amma na kasa, kamar yadda na saba.

Daga nan ta ba mu aiki. Hatimanta ba za su ishe mu ba, don haka kowa ya je gida ya ƙera nasa da abin da ya samu, ya yi shimfiɗa, sannan ya zana wani na gidansu a kai. Ta raba mana takardar kwali ɗai-ɗai, ta ce babu ƙari. Ta kuma ce zango mai zuwa za a rage 'yan ƙungiya saboda fenti ba ya isa, duk wanda ya kawo rabin aiki ya bar wa wani kujerarsa. Aikin da ya yi kyau za a liƙa shi a bango ranar taron iyaye.

Ɓangaren hatimi bai ba ni wuya ba. Akwai wani tsohon silifas ɗina da hancinsa ya tsinke, na wanke shi tas da omo, na yanka shi gunduwa-gunduwa, na zauna a bakin ƙofar ɗakinmu ina sassaƙa ganye da reza. A haka mahaifina ya dawo daga Kasuwar Shasha ya same ni. Albasa yake sayarwa, tun kafin ya yi sallama warinta ke rigansa shigowa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana.

Ya ce, "Uwata, me silifas ya yi miki?"

Na ce, "Hatimi nake yi, Baba."

"Hatimi? To madalla, ofis za a buɗe mana a gida ke nan."

Na yi masa bayani a hankali, idona a kan rezar. Abin ya burge shi. Har ya zaro albasa ɗaya daga aljihun rigarsa, ya karɓi rezar ya raba ta biyu, ya nuna min zoben da ke ciki. Ya ce, "Gwada wannan. Ita ma ta shiga boko." Ina jin daɗi sai bakina ya zarce, na faɗi maganar fuskar da za a zana a kai.

Ya goge rezar da gefen rigarsa. Sannan ya ce, "Fure, ganye, zayyana irin ta allo, duk ki yi, ni ma ina son gani. Amma mai rai ba ma zana shi a gidan nan. Haka na tashi na tarar a gidanmu. In ƙungiyar ta zana mutane ce, ki bar musu abinsu, Uwata."

Da faɗa ya yi da na yi kuka na huta. Amma a hankali ya faɗa, ya miƙo min rezar ta wajen mariƙi, ya shige ciki.

To ga ni a tsakiya. In na zana fuska, Baba zai cire ni. In ban zana ba, Anti za ta cire ni. A makaranta an ce tabarma ba komai ba ce sai da baƙo, a gida an ce tabarmar ce kaɗai aka yarda da ita.

Washegari na gaya wa ƙawata a hanya. Ita ma Musulma ce, Bayarbiya, gidansu na bayan shataletalen Mokola. Hausarta ta fi ta wasu 'yan Sabo, bakinta kuma rediyo ne da ba shi da makunni.

Ta ce, "Ah-ah. Babana ma fa Alhaji ne. Lokacin da ya dawo daga Makka fuskarsa har a jikin bokiti aka buga aka raba wa mutane. Yanzu haka da shi muke wanka."

Na ce, "Namu ba haka ba ne."

"To ki zana a makaranta mana. Wa zai gaya masa?"

"Za a liƙa a bango. Baba ba ya fashin taron iyaye."

"To ki zana mummuna yadda ba za a liƙa ba."

"Ai ko ba a liƙa ba na zana."

Ta dube ni ta girgiza kai. "Ke matsalarki ta fi ƙarfina. Oya, je ki gaya wa Anti kawai."

Wannan kuwa ya fi duka biyun wuya a wurina. Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na je na tsaya a gefen teburin Anti har ta ɗago kai ta ce, "Me ya faru?" Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Anti, zoɓo yana kama takarda?" Ta ce in gwada in gani. Na yi godiya na fita.

Na koma wajen mahaifiyata. Zoɓo da kunun aya take yi a gida, ana kai wa shaguna. Na same ta tana tacewa, na tsuguna kusa da ita na ce, "Mama, hoton da ake ɗauka da waya da wanda ake zanawa da hannu, mene ne bambancinsu?"

Ta ce, "Ni malama ce? Miƙo min rariyar can."

Na miƙa. "Amma ai akwai hoton Baba a katinsa."

"In ya dawo ki tambaye shi."

Ta san ba zan tambaya ba, ni ma na sani.

Da na rasa mafita sai na duƙufa a kan abin da kowa ya yarda da shi. Kullum in na dawo Islamiyya sai in ɗauko tsofaffin kalanda in juya bayansu in yi ta bugu. A nan na gano abubuwa da dama da ba wanda ya gaya min. Ganyen da na sassaƙa yana kallon dama, in na buga sai ya fito yana kallon hagu, na daɗe ina zargin idona kafin in gane. Kuɓewa in aka yanka ta a tsakiya fure ne sak, amma sai an bar ta ta sha iska, in ba haka ba yauƙi ya ja zare ya ɓata wuri. Albasar Baba tana ba da zobe a cikin zobe. Totuwar masara in aka mirgina ta tana yin kamar saƙar tabarma. Zoɓo yana kama takarda, amma sai an dafa shi ya yi kauri an sa ɗan ƙaro, kuma jan da yake da shi a jiƙe ba shi ne zai bushe da shi ba. Na samu shuɗi daga bular wanki, rawaya daga kurkum. Baƙi kuwa na kankaro daga gindin tukunya, don zuciyata ba ta yarda in tsoma silifas a tawadar allona ba, ko da an wanke shi sau nawa.

Kalanda suka ƙare, ban taɓa takardar Anti ba. Ina tsoronta, saboda duk shimfiɗar da na yi a kanta tana da tsakiya, kuma ban san abin da zan sa a tsakiyar ba.

Asabar ta ƙarshe kafin a kai aikin, da rana, na ce bari dai in yi shimfiɗar, sauran Allah ya san yadda zai yi da ni. Na baje a tsakar gida, na jera 'yan faranta da guntayen soson katifa a ciki, kowanne da launinsa. Na fara da rawaya a gefe-gefe, na bi da shuɗi. Ban yi nisa ba hadari ya haɗo ta wajen Mokola, irin na Ibadan da ba ya sallama. Iska ta taso, kwanon rufin maƙwabta ya fara ƙara. Na danne kusurwoyi da duwatsu, amma iskar tana shiga ta ƙasa tana kumbura tsakiyar takardar kamar cikin mai ƙoshi. Hannuwana duka biyu da launi.

Mama ta fito kwashe shanya. Na ce, "Mama, don Allah danne min nan."

Ta goge hannunta a zani, ta tsuguna ta ɗora tafin hagunta a tsakiyar takardar, yatsu a baje. Ko kallon abin da nake yi ba ta yi ba, ta juya tana magana da maƙwabciyarmu ta saman katanga, a kan wutar da ba a kawo ba da ƙanƙarar da ta narke mata. Ni kuma ina sauri kada ruwa ya sauko. Na buga kuɓewa, na buga ganyen silifas, na buga albasa, ina matsowa ciki har na iso hannunta. Ya kamata in ce ta ɗaga, amma tana tsakiyar magana, ni kuma ban iya katse babba ba, ko da uwata ce. Sai na yi ta bugawa a kewayensa, da tsakanin yatsu, wani rabi a takarda rabi a fatarta.

Sai da sanyin zoɓo ya taɓa ta sannan ta waiwayo. Ta ce, "Ke, ni kike bugawa ko takardar?"

Ɗigon farko ya faɗo a wuyana. Ta ɗaga hannu, na suri takardar na ruga ɗaki.

Na shimfiɗa ta a kan gado na duba. Ko'ina ya cika da launi, fure a kan ganye, zobe a kan fure, amma a tsakiya ga wani farin fili fetal da siffar hannu. Na ce shi ke nan, na ɓata takarda ɗaya tilo. Na ɗauko hatimin ganye zan cike wurin. Ina riƙe da shi a sama Mama ta shigo da kayan shanya a kafaɗa, ta leƙo.

Ta ce, "Ikon Allah. Har da ɗan yatsana."

Sai a lokacin na lura. Ƙaramin yatsanta na hagu a karkace yake, taɓarya ce ta same shi tun tana yarinya. Ga shi nan a takarda ya ware daga 'yan'uwansa kamar mai fushi. Babban yatsan ma ga faɗinsa, irin na mai ɗaure bakin leda shekara da shekaru. Ko a cikin hannu dubu zan gane shi. Na ajiye hatimin, ba don na yanke wata shawara ba, hannuna ne dai ya ƙi sauka.

Baba ya dawo a jiƙe bayan la'asar. Ya ga takardar tana shan iska, ya tsaya a kanta ya daɗe. Ni ina bakin ƙofa ina murza gefen hijabina.

Ya ce, "Hannun Mamanku ne wannan."

Na ce, "E, Baba."

"Wa ya zana?"

"Ba wanda ya zana. Wurin da ban buga ba ne."

Ya ɗaga takardar ya duba bayanta, kamar zai tarar da zanen a ɓoye a can. Ya maido ta. Ya tura hularsa gaba ya sosa ƙeya. "Ba a zana ba, ga shi kuma ana gani."

Mama daga waje ta ce, "Alhaji, ruwan wankanka zai huce."

Ya ce, "Ina zuwa." Ya sake kallo. "To, Uwata, babu fuska, babu alƙalami. Ni dai ban ga abin da zan hana ba. Ki kai musu. In sun ce ba ki zana komai ba, ki ce ni ma haka na gani."

Ban san ko izini ba ne ko zolaya. Na ɗauka duka biyun ne.

Ranar Laraba kowa ya baje nasa. Fuskoki ko'ina: kakanni, ƙanne, wani ma kawunsa ɗan sanda. Ƙawata ta zana kakarta da ƙaton ɗaurin kai, amma fuskar ta fi kama da doya. Anti tana bi tebur-tebur har ta iso kaina. Ta dubi gefe-gefen ta gyaɗa kai, ta tambayi wannan da me, wancan da me, ina amsawa da kalma ɗai-ɗai. Sannan ta ce, "To ina baƙon?"

Na nuna tsakiya da yatsa.

"Nan ai babu komai."

Na ji kujerata tana zamewa daga ƙarƙashina. Sai ƙawata, rediyon nan ta kusa da ni, ta kama. "Anti, Mamanta ce. Hannunta ne. Babanta ba ya yarda a zana fuska a gidansu, ita kuma ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta."

Anti ta dube ni, ta dubi takardar. Ta ce masu wannan sana'a suna yin haka da gangan, sukan yanki takarda su rufe wurin da ba su so launi ya taɓa, su buga a kai, sannan su ɗaga. Ta ce ba ta koya mana ba tukuna. "Wa ya nuna miki?"

Na ce, "Iska ce, Anti."

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa iyakar gaskiyata na faɗa.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗora nata hannun a kan farin filin, a hankali. Yatsu huɗu suka zauna daidai, ƙaramin ya ƙi shiga gurbinsa. Ta gwada karkata shi, bai yiwu ba. Ta ɗaga ta ce wani abu da Yarbanci ƙasa-ƙasa, irin abin da ake faɗa in lissafi ya ƙi fita.

Ta ce, "Aikin da na ba ku ba shi kika yi ba."

Na sunkuyar da kai.

"Amma ban san yadda zan ce ba ki kawo mutum ba, tunda ga shi ba kowa zai shiga wurinsa ba." Ta ɗauki takardar ta haɗa da waɗanda za a liƙa. "Kujerarki tana nan. Nan gaba in akwai magana a gida, ki buɗe baki ki gaya min. Ba maganar zoɓo ba."

Ashe ta tuna.

Ranar taron iyaye Baba ya je ya tsaya a gaban takardar da hannu a baya, ya fi kowa daɗewa. Da muka dawo na ba Mama labari cewa hannunta yana bangon makaranta mutane suna kallo. Ta dubi tafinta, ta juya bayansa, har lokacin da sauran bula a gefen farce. Ta ce, "Da kin gaya min bango za a kai shi, ai da na sa lalle."

Har yau in aka tambaye ni wa na bi a cikinsu, Baba ko Anti, ban san amsa ba. Wani lokaci in ga kamar na bi su duka, wani lokaci in ga kamar na zille wa kowannensu ne ba da niyya ba. Su ma ina jin ba su sani ba, kowa dai ya kalla ya rasa ta inda zai ce a'a. Na zauna a ƙungiyar har na gama ƙaramar sakandare, ban taɓa zana fuska ba, Anti kuma ba ta sake nema ba.

Takardar tana ɗakin Mama, a saman madubi. Zoɓo ba fenti ba ne, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Rawayar ta tafi tuntuni, farin tsakiyar kuma ya yi duhu da hayaƙi da shekaru. Yadda launukan gefe ke gushewa, haka hannun ke ɓacewa, yanzu sai an matso sosai ake gane ɗan yatsan. Tambayar da na kasa yi wa Anti ranar farko, wahalar shimfiɗa ta mece ce, bangon ɗakin Mama ne yake ba ni amsarta a hankali.

Kwanaki na ce mata ta ba ni hannunta mu sake wata. Ta ce hannunta yana da aikin yi, in nemi dutse. Ban yi musu ba. Hatimin silifas ɗina yana nan a cikin gwangwani, na kuma sayi sabuwar takarda na ajiye. Damina ta kusa, kuma na san lokacin da take fitowa kwashe shanya.